Biskit Mai Citta na Zulfa

Shekara goma sha tara ke nan da aka kawo Zulfa gidanmu a Tambuwal, daga Fakku ta ƙasar Kebbe. Matar yayana Mannir ce. Ni ina aji biyu na sakandare a lokacin, abin da na fara lura da shi a jikinta kuwa shi ne hannunta. Yatsunta dogaye ne sirara, kuma ba su zama wuri ɗaya. In ana hira a tsakar gida sai ta ɗauki tsinke tana zane a ƙasa ba tare da ta duba ba. In aka tashi sai a tarar da ganye da reshe da 'yan ɗige-ɗige sun kewaye inda ta zauna, Inna ta sa tsintsiya ta share tana mita.

Gadon abin ta yi. Mahaifiyarta Nana ita ake kira a Fakku in za a gyara ɗakin amarya, ta yi yaɓe, ta bi bango da farar ƙasa da ja. Zulfa ta tashi tana riƙe mata ƙwarya. Da zanen bango ya fara ja da baya, mutane suka koma fenti, sai ita ta mai da hannunta ga lalle. Kafin ta shekara uku a Tambuwal babu unguwar da ba a san ta ba. Amare daga Sanyinna da Jabo a kan babur ake kawo su. Ranar jajibirin Sallah kuwa, tun da hantsi ba ka samun wurin taka ƙafa a zaurenmu na ciki, mata da 'yan mata sun miƙe ƙafafu, kowa ta ɗaga hannuwa sama tana jiran ya bushe. Zulfa na tsakiya, kanta a sunkuye, ba ta cika magana ba. Takan ce in ta yi surutu layi yakan karkace.

Shekara goma sha ɗaya tana wannan sana'a. Daga baya mata suka fi son baƙin zane, wanda ake haɗawa da dayis, irin na rina gashi, domin ya fi fitowa a hoto. Ta bi abin da ake so. Da farko ƙaiƙayi ta fara ji a tsakanin yatsu, ta ɗauka zafi ne. Sai ƙuraje, sai ruwa, sai fatar ta fara tsagewa har zuwa wuyan hannu. Ta sha saiwa, ta shafa man kaɗanya, ta daure ta yi Sallah guda a haka, tana zane tana cije leɓe. Bayan Sallah Yaya Mannir ya kai ta asibiti. Likita ya juya hannun ya duba, ya ce jikinta ya ƙi sinadarin, kuma ba zai sake karɓarsa ba. Ya ce har jan lallen ma ta bar shi, tun da fatar ta riga ta yi rauni.

Ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta tattara ledojin zanenta da 'yan kwalabe ta zuba a kwali ta ba wata yarinya da take koya wa. Amma Babbar Sallah ta zo, ranar jajibiri gidan ya yi tsit. Muna jin muryoyin mata suna wucewa ta bayan katanga zuwa wani gida. Zulfa ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta, hannuwa a naɗe da tsumma, tana kallon kaji. Na je na zauna kusa da ita.

"Hamdiya," ta ce da ni, "ban san haka ranar ga take da tsawo ba."

Wata huɗu ta yi a wannan hali. Tana girki, tana kula da 'ya'yanta, tana gaida kowa, amma ko tsinke ta daina ɗauka.

Gidan da ke jikin namu na haya ne, kuma a shekarar wata ma'aikaciyar jinya ta shigo, Rifkatu, mutuniyar kudancin Kaduna, da 'ya'yanta biyu. Mijinta yana aiki a wani gari. Ita ce ta ga hannun Zulfa wata rana wurin ɗibar ruwa, ta kama shi ta duba ba tare da neman izini ba, ta ce wannan tsumman ne ke hana shi warkewa. Daga ranar, in ta taso aiki sai ta biyo da auduga da man shafawa, ta wanke, ta shafa, ta yi ta faɗa in ta ga Zulfa ta taɓa omo. Mace ce mai ƙiba da babbar murya, dariyarta har waje. Cikin wata biyu fatar ta haɗe, sai tabo da ya rage, fari-fari a bayan yatsu.

Ana saura kwana huɗu Kirsimeti wani ƙamshi ya tsallako katanga. Mun san citta, a kunu da shayi da yaji muke cin ta kullum, amma ba mu taɓa jin ta haɗe da ƙamshin gashi da sukari haka ba. Da la'asar sai ga Rifkatu da faranti a rufe. Ta ce biskit ne, mai citta, wata tsohuwa ce ta koya mata tun tana makarantar jinya, kuma cittar daga gonar babanta take. Ta buɗe. Launinsu kamar na ƙasar tukwane, wasu taurari, wasu kuma siffar ɗan mutum mai buɗe hannuwa. An bi su da wani farin abu an yi musu ido da baki.

Zulfa ta ɗauki ɗan mutum guda ta daɗe tana kallo. Ido ɗaya yana goshi, ɗaya ya gangaro kusa da kunne, bakin kuma ya tafi gefe. Sai kafaɗunta suka fara rawa.

"Maman Bulus," ta ce, "wa yay yi ma wanga bawan Allah haka? Mi yay yi maki?"

Rifkatu ta fashe da dariya har tana dafa bango. "Ke dai bari! Allura ce aikina. Shekara goma ina yi, kullum haka suke fitowa kamar an mare su."

Ranar ce na fara jin dariyar Zulfa tun daga asibiti. Ta tambaya mene ne farin abin. Rifkatu ta ce farin ƙwai ne da garin sukari da ɗigon lemun tsami, in ya sha iska sai ya ƙame. Ta ce da cokali da tsinken ashana take ɗorawa. Zulfa ta miƙe. Sai ta shiga ɗaki ta fito da wata farar leda, ta yanke ta da almakashi, ta naɗe ta kamar mazurari, yadda take yi wa lalle. Ta ce ko akwai saura.

Akwai saura, da kuma tire biyu da ba a taɓa ba. Amma kafin ta tsallaka sai da ta tsaya. Surukinta, wato mahaifinmu Malam Nasiruddeen, mai karantar da littattafai ne a zaure, kuma Zulfa ba ta yin abin da take shakka ba tare da ta ji daga bakinsa ba. Ta sa hijabi ta durƙusa daga bakin ƙofa, ni na shiga na yi masa bayani, don ita nauyinsa take ji. Malam ya saurara har na gama. Ya tambaya ko akwai wani abu a cikin haɗin da ba mu ci. Na lissafa masa: fulawa, bota, sukari, ƙwai, citta, kanumfari.

"To," ya ce, "maƙwabciya ta, kuma ita taj jinyaci hannunki ba ki roƙe ta ba. Ki tai ki kama mata aiki. Siffar mutum dai ki bar mata abinta, ke ki yi ganyenki da kika saba."

Da Zulfa ta gaya wa Rifkatu haka, a ɗarare, tana tsoron kada ta ji haushi, sai Rifkatu ta ce ai ya yi daidai, 'ya'yanta ma sun saba da mutanensu masu karkataccen baki, in suka ga sun gyaru ba za su gane su ba. Ta ware 'yan mutanen gefenta, ta tura wa Zulfa taurari da masu da'ira.

Na tsaya a kansu ina kallo. Na farko bai yi ba, sukarin ya fi lalle nauyi, ya fito da kauri ya yanke. Ta ƙara ɗigon ruwa, ta rage bakin ledar. Na biyu layin ya ɗan karkace. A na uku sai na ga kanta ya sunkuya irin sunkuyon da na sani, bakinta ya rufe, layi ya fara fita siriri kamar zare, ya lanƙwasa ya zama reshe, reshen ya fitar da ganye. Rifkatu ta ajiye tsinken ashanarta ta zuba ido. Har aka kira magariba Zulfa ba ta ɗago ba. Da ta dawo gida ta wanke hannu, ta juya shi gaba da baya a gaban fitila tana jiran ƙaiƙayi. Bai zo ba.

Ban ji ta sake maganar ba sai da azumi ya kama. Ranar goma ga wata ta ce da Yaya Mannir tana son fulawa da bota, za ta gwada na Sallah.

Wahalar da ta sha a wannan azumin ba kaɗan ba ce. Rifkatu tana da ɗan murhun gas mai akwatin gashi, mu ba mu da shi, kuma Zulfa ta ce ba za ta ƙone wa baiwar Allah gas ba. Sai ta ɗauki babbar tukunyar da muke dafa shinkafar suna, ta zuba yashi a ciki, ta kafa gwangwanayen madara uku, ta ɗora tire, ta rufe, wuta a ƙasa, garwashi a kan murfi. Zubin farko ƙasan ya ƙone, saman ɗanye. Na biyu ta sa jiƙon kanwa don ya tashi, ya yi yawa, ya fito da ɗaci. Ga zafin bazara: kafin ta gama murza ƙullin da kwalba, botar ta narke, abin ya manne a faranti kamar ɗanko. Daga baya ta gano dabara. Takan kwaɓa da yamma, ta ƙulle a leda, ta naɗe da jiƙaƙƙen tsumma ta jingina a gindin randa ya kwana. Da an sallame asuba sai ta murza ta yanka kafin rana ta ɗaga.

Babbar matsalar kuma, mai azumi ba ta ɗanɗano. Nan Rifkatu ta shigo. Kowace safiya kafin ta tafi aiki sai ta leƙo da fararen kayanta, ta ce, "Ina bakin aikina?" A miƙa mata guda, ta gutsura, ta rufe ido tana taunawa, mu kuma muna tsaye muna kallon bakinta kamar masu jiran hukunci.

"Citta ta yi kaɗan."

Washegari: "Yau kuma kin tashi kashe mutane."

Zulfa ba ta tsaya kan abin da aka koya mata ba. Ta ce sukari zalla ba ya ba shi launin da take so, ta jiƙa mazarƙwaila ta tace ta zuba. Ta aika Fakku wurin wanta Ɗan'iya, wanda ya gaji amyoyin mahaifinsu, ya aiko da zuma a galan. Ta ƙara 'yar kimba da masoro kaɗan. Ranar da Rifkatu ta ɗanɗana wannan haɗin, sai ta miƙa hannu ta ɗauki na biyu ta jefa a jaka.

Ranar kasuwa muka je wurin Namadi, mai yin mazurari da fitilar gwangwani. Zulfa ta zana masa abubuwan yanka ƙulli da take so a takarda: jinjirin wata, tauraro, ganye, da wani mai kusurwa takwas. Ya juya takardar sama da ƙasa, ya ce shekararsa talatin yana yanka gwangwani ba a taɓa kawo masa aikin da babu gindi babu murfi ba. Amma ya yi, ya kuma lanƙwashe bakin sama don kada ya yanke ta. Garin sukarin kuwa a turmi muka daka, muka tankaɗe da ɗankwali sau uku, don ƙwaya ɗaya in ta tsaya a bakin leda ta ɓata layi. Ta so launi. Gangamau ya ba ta rawaya. Zoɓo da farko ya ba ta wani launi kamar toka, har ta yi niyyar zubarwa, sai da ta ƙara lemun tsami ya juye ya zama ja mai haske.

Innarmu, Atu, ba ta ce a bari ba, amma ba ta ɓoye ra'ayinta ba. Ita a wurinta kayan Sallah alkaki ne da nakiya da dubulan, abin da uwarta ta yi, kakarta ta yi. Tana zaune tana murɗa dubulan tana kallon Zulfa ta gefen ido.

"Ɗiyar ga," ta ce wata safiya, "tun asuba kike duƙe bisa guda goma. Abin da za a jefa baki a tamne, mi ad amfanin wanga wahala?"

Zulfa ba ta saba mayar wa Inna magana ba. Ta gama ganyen da take kai, ta ɗaga ledar, sannan ta ce a hankali, "Inna, lallen ma da nika yi, sati biyu shika yi ya goge. Ban taɓa ganin wadda tac ce a bar shi don haka ba."

Inna ta yi ƙwafa ta ci gaba da murɗa dubulanta. Amma da rana ta yi na ga ta janye tabarmarta ta ba tiren Zulfa wurin inuwa.

Ranar Sallah, bayan an sauko daga idi, aka jera kwanonin rabo kamar kullum, tuwo da miya da nama, da ƙaramin kwano na kayan zaƙi. A kan kowane Zulfa ta ɗora biskit uku. Abin da ya biyo baya ba mu zata ba: mutane suka ƙi ci. Yara suka riƙa yawo da su a hannu suna nuna wa juna, har zufa ta jiƙa zanen. Wata maƙwabciyarmu ta jera nata a cikin kabad tare da tangaran. Wani abokin Malam ya aiko a tambaya ko na ci ne ko na ado. Zulfa ta rasa ko ta ji daɗi ko ta ji haushi. Sai da yamma Malam ya sa aka kawo masa shayi a zaure, ya ɗauki jinjirin wata guda a gaban baƙinsa, ya duba shi sosai, ya ce "Masha Allah," ya tsoma a kofi ya ci. Daga nan sauran suka miƙa hannu.

Kwana uku da Sallah muka tafi Fakku gaida Nana, ni da Zulfa da babbar 'yarta Ikram. Mota ta kai mu Kebbe, daga nan muka hau babura. Zulfa ta jera biskit a gwangwanin madara babba, ta sa tsumma tsakanin kowane jeri, ta rungume shi a ƙirji duk tsawon hanya. Duk ramin da aka faɗa sai na ji ta ce wa mai babur ya yi a hankali.

Nana ta tsufa, kuma yana ta rufe mata ido tun shekara biyar kafin nan. Tana gane haske da duhu, ba ta gane fuska. Duk shekarun da Zulfa ta yi suna a lalle, uwar labari kawai take ji. Bayan an gaisa an sha ruwa, Zulfa ta buɗe gwangwanin, uku sun karye, sauran lafiya. Ta ɗauki mai kusurwa takwas ta sa mata a tafin hannu, ta ce abin ci ne.

Tsohuwar ta kai shi hanci. "Zumar Ɗan'iya ta," ta ce. Har za ta kai baki sai babban yatsanta ya ji tudun zanen. Ta dakata. Ta sauke hannun kan cinya, ta fara bin layin da ɗan yatsa, a hankali, daga tsakiya zuwa gefe, ta zagayo. 

"Wagga ai ƙafar zabuwa ta," ta ce. "Irin wadda nika yi bisa ƙofa."

"Ita ta, Nana."

Yatsan ya ci gaba da tafiya, ya tsaya a wata kusurwa, ya koma baya, ya sake dawowa.

"Nan kin yi fuɗu. Biyar akan yi."

Zulfa ta karɓa ta duba. Huɗu ne. Ta yi dariya, hawaye na zubo mata, ta ce wuri ne ya ƙare. Nana ta ce in wuri zai ƙare tun daga tsakiya ake matsewa, ta sha gaya mata. Ta sa aka zube mata sauran a faifai, ta bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, tana faɗin wanda ya yi da wanda aka yi gaggawa. Sai da ta gama duka sannan ta ci guda, ta ce citta ta ɗan yi yawa ga mai tsufa, a ba ta ruwa. Nana ta ƙara shekara biyu a duniya, kuma kowace Sallah sai an kai mata gwangwaninta ta duba aiki.

Daga shekarar abin ya bazu. Babbar Sallah ta faɗo cikin damina, Zulfa ta koyi wani darasin: iska mai laima takan sa biskit ya yi laushi, jan ya zarce cikin fari. Ta koma ajiye su a gwangwani mai murfi da ɗan ƙullin shinkafa a ciki, kuma in hadari ya haɗo ba ta zane. Mata suka fara aiko da fulawarsu tun tsakiyar azumi. Masu saukar karatu suka ce a yi musu mai siffar allo. Ta yi, amma ta bar tsakiyar fili, ta kewaye gefe da zayyana kawai, don Malam ya ce kada a rubuta komai a kan abin da yaro zai iya yarwa a ƙasa. Wasu daga cikin amaren da ta yi wa lalle a da, yanzu su ke zuwa da goyo suna cewa a yi na suna.

A shekara ta huɗu aka yi wa Rifkatu canjin wurin aiki zuwa kusa da gida. Ranar da motar kaya ta zo, ta shigo da rabin buhun busasshiyar citta ta dire a ƙofar ɗakin Zulfa, ta ce kada ta kuskura ta sayi ta kasuwa sai wannan ta ƙare. Suka tsaya riƙe da hannun juna. Inna ce ta fito da ƙullin kuka da daddawa da kwanon alkaki, ta ce, "Ki gaida mutanen gida. Allah shi sa mu gana." Sai a lokacin Rifkatu ta rushe da kuka.

Suna waya duk mako. Shekarar da ciwo ya faɗa wa gonakin citta a can ƙasarsu, Rifkatu ta gaya mata gonar babanta ta ruɓe a ƙasa gaba ɗaya, tsohon ya kwanta rashin lafiya don baƙin ciki, ita kuma bana ba ta da zuciyar kunna murhu. Zulfa ta ajiye wayar ta je ta buɗe buhun nan. Saura kamar mudu ɗaya. Aka shiga watan Disamba, babu Sallah babu suna, ta hura gawayi ta yi kwana uku tana aiki. Taurari ta yi da ganye da da'ira, gwangwani biyu. Ta kuma ware guda goma sha biyu da ba ta yi wa zane ba, ta ƙulla garin sukari a leda ta sa a gefe, don yaran su ga hannun uwarsu ko da a kan tauraro ne. Yaya Mannir ya kai tasha ya ba wani direba da ya sani, daga Sakkwato aka sa a motar Kaduna. Kwana uku ana bin saƙon da waya kafin ya isa. Rifkatu ta ce da ta kai wa babanta guda, ya tauna, ya ce wannan cittarsa ce, ta shekarar da aka yi ruwa mai kyau.

Yanzu Zulfa ta kai arba'in. Bara ta fara sa tabarau, bayan ta daɗe tana musun cewa idonta lafiya lau. Wata mai shagon kayan biki a Sakkwato ta zo har gida ta ce ta koma can, za ta ba ta injin gashi da ma'aikata, a riƙa yi ana sawa a kwali. Zulfa ta yi mata godiya, ta ba ta shayi da biskit, ta ce za ta yi shawara. Da matar ta tafi na tambaye ta me ta yanke. Ta ce in aka ce ta yi dubu a rana, ba za ta san na gidan wa take zanawa ba, ita kuwa takan so ta sani. Na gidan da aka yi rashi ba ta sa ja. Na gidan da yara suka yi yawa takan yi ƙanana don ya isa.

Mata uku take koya wa a halin yanzu, biyu daga unguwarmu, ɗaya daga Sanyinna da mijinta ke kawowa ran Asabar. Ni ma na gwada, shekara biyu, ta ce in tsaya a dakan sukari.

Abin da ke ranta yanzu tanda ce ta ƙasa, irin ta masu burodi amma ƙarama, don tukunyar shinkafar ta fara hujewa a gindi. Yaya Mannir ya kawo jan bulo tun bayan girbi, an jibge a bayan ɗakin girki. Magini ya zo sau biyu, sau biyu suna saɓawa da ita a kan inda bakin zai kalla. Shi ya ce gabas, ita ta ce iska daga can take shigowa, za ta cinye mata wuta. Shekaranjiya na same ta tsugune a wurin da safe, ta jiƙa yatsa ta ɗaga sama tana jin iska. Ta ce in magini ya dawo ran Laraba, kudu za a yi.